Darasi na Bakwai: Ƙyasfin Bishiya

Ka taɓa lura da wani dabbare-dabbare a bawon tsohuwar bishiya ko a kan dutse, toka-toka ko kore-kore, kamar ƙyasfi a jikin mutum? Da yawa sun ɗauka cuta ce ta kama itacen. To, abu ne mai rai, masana suna ce masa laikin, kuma ba ya shan ruwan jikin bishiyar. Wurin zama kawai ya ara.

Abin mamakinsa, halittu biyu ne suka haɗa gida ɗaya. Ɗaya dangin funfuna ne, ɗaya dangin gansakuka. Gansakuka ce mai girki: da hasken rana take haɗa abinci. Funfuna kuwa shi ke riƙe ruwa, ya yi mata rumfa kada ta bushe. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, ya faɗi haka a 1867, amma abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda. Daga baya gaskiyarsa ta fito.

An san irinsa wajen 20,000 a duniya, har yanzu kuma ana samun sababbi. A 2016 James Lendemer da Richard Harris, masu bincike a lambun tsirrai na birnin Niyok, suka bayyana wani sabon iri daga wata fadama mai kurmi da ake kira Bull Neck, a jihar Karolina ta Arewa, Amurka. Suka raɗa masa suna Albemarlea pamlicoensis, daga sunan yankin. Sunan da wuyar faɗi, kada ya dame ka.

Sai dai ƙasar wurin kwari ce, dab da teku. Ruwan teku yana ta hauhawa, gishiri yana kashe itatuwa a tsaye. In bishiya ta mutu, ɗan hayarta ma ya rasa gida.

Laikin ba shi da saiwa. Daga iska da ruwan sama yake samun abin da yake bukata, shi ya sa yawancin irinsa ba sa jure hayaƙi.

Aiki: Je ka duba tsofaffin bishiyoyi biyar a bakin fadama ko rafi, da biyar a bakin tasha. Kada ka kankare. Ƙirga waɗanda ke da laikin, ka rubuta adadin da launinsu a littafinka, ka kawo aji mako mai zuwa.