Yadda Ake Dafa Markaɗen Tumatir Don Ajiya

Kusan kullum sai an tambaye ni yadda nake ajiye tumatir idan ya yi araha, har ya kai ni lokacin tsada. Ga shi:

1. Ki sayi tumatir a kakarsa, wanda ya nuna jajir.
2. Ki tsince ruɓaɓɓu ki zubar. Hattara: wanda ya yi funfuna kar ki yanke gefen ki ce sauran na da kyau, a yar da shi dungurungum.
3. Ki wanke tas.
4. Ki markaɗa kilo 3 da manyan albasa 2, ba ƙarin ruwa. Ruwan jikinsa ma fama za ki yi da shi.
5. Ki juye a tukunya mai faɗin baki.
6. Ki ɗora a wuta matsakaiciya, a buɗe.
7. Ki riƙa gauraya har ƙasa. Nan ake yawan yin asara, minti kaɗan ya kama, ƙauri ya bi duka tukunyar.
8. Ki ja cokali ta tsakiya. Idan hanyar da cokalin ya bi ta tsaya, ruwa bai cike ta ba, ya yi.
9. Ki sauke ya huce, amma kar ya wuce awa 2 a waje.
10. Ki rarraba a ƙananan robobi, kowace ta girki ɗaya, da ɗan sarari a sama don yana kumbura idan ya daskare.
11. Ki saka a firiza. Na firij kuwa a cinye cikin kwana 4.