Yadda Za Ka Koya wa Kyanwa Abu Ya Zauna Mata a Ƙwaƙwalwa

Kyanwa ba ta daɗewa riƙe da abin da ta gani da ido kawai, domin idan ka ɓoye mata abin wasa, kafin minti ɗaya ya cika tana iya mance inda ya shiga. Abin da ya haɗu da abinci, ko ƙamshi, ko tsoro, shi ne yake zauna mata tsawon lokaci.

Saboda haka, idan kana so ta san sunanta, ka riƙa kiranta da murya iri ɗaya, kuma da zarar ta waiwayo ka miƙa mata ɗan abinci nan take, domin jinkiri yakan hana ta haɗa kiran da ladan. Maimaitawa kaɗan a kullum ta fi dogon zama sau ɗaya. Wani bincike da masana a Japan suka wallafa a 2019 ya nuna cewa kyanwoyi suna bambanta sunayensu da sauran kalmomi, ko da yake amsa kira kam sai sun ga dama.

Kada ka doke ta bayan ta yi ɓarna, don ba laifin za ta tuna ba, hannunka za ta riƙa gudu. Jaririyar kyanwa kuwa, a saba mata da hannun mutane tun tana mako 2 zuwa 7.