Kurakuran da na gaji da gyarawa a cikin ƙananan firiyam

A watan nan kaɗai firiyam huɗu aka kawo mini shago a Nima, cikin Ankara ta Ghana, kuma babu ko ɗaya da ya lalace da kansa. Yaro zai ga bidiyo a YouTube, ya hau mota zuwa Zongo Lane, inda ake sayar da kayan lantarki, ya dawo da leda cike da ai-si (ƙananan cif masu ƙara ƙarfin sigina) da kafasita, ya ce zai mayar da akwatin araha ya zama na babban situdiyo. Bayan kwana biyu sai ga shi a ƙofata: "Masta, don Allah duba mini, da yana aiki." Firiyam dai shi ne ke ɗaga siginar makirufo mai rauni kafin ta shiga mikisa ko kwamfuta, kuma ana iya inganta na arahar. Sai dai yadda kuke yi ne ke ba ni haushi.

Bari in fara da wanda ya ci ni da kaina. Makirufon kondensa yana shan wutar fantom, bolt 48, wadda ke bi ta rizista biyu masu om 6,800 zuwa ƙafa ta 2 da ta 3 ta XLR, wato filogin makirufo mai ƙafa uku. Tsakanin wannan wutar da tiransistocin farko akwai kafasita biyu da ke tare ta. Shekarun baya wani Alhaji ya ba ni firiyam ɗin da ake ɗaukar tafsirin unguwarsu da shi, na cire waɗannan biyun na sa wasu kyawawa masu ruwan zinare, ban ko kalli abin da aka rubuta a jikinsu ba. Bolt 25 ne. Na yi sati ina gwaji da makirufon SM58, wanda ba ya buƙatar fantom, komai lafiya lau, har ina yi wa yara burga. Daren rufe tafsiri aka kawo kondensa, na danna maɓallin 48. Malam bai gama buɗewa da addu'a ba na fara jin wata ƙara a hedfon kamar ana suyar ƙosai. Kafasitan sun fara yoyo, wutar ta tsallaka inda bai kamata ba. Ko da makirufo na jan wuta, abin da ke saura a layin yawanci ya fi ƙarfin mai 25. Karatun daren nan kaf ya tafi. Alhaji bai ɗaga murya ba, ya dai ce, "Malam, ai amana muka ba ka." Da ma mari ya sharara mini. Na sayo sabo da kuɗina, kuma ba a sake kirana masallacin ba.

Tun daga ranar, a wannan gurbin ba na sa ƙasa da mai bolt 63, ƙafar filas tana kallon ɓangaren XLR, kuma ina barin fantom a kunne rabin yini kafin akwati ya bar shagona. Rizistocin 6,800 kuwa ku bar su. In dole ne a canza, a auna biyun da mita su zo daidai da juna, in ba haka ba layin zai daina kore gurnani.

Na biyu shi ne haukan ai-si. Kowa ya ji sunan ai-si irin LM4562 ko OPA2134 sai ya ɗauka magani ne na kowace cuta. To ku saurara. A yawancin ƙananan firiyam, tiransistocin da ke gaba su ke yin babban aikin ɗagawa, kuma hucin nan na "shiii" daga can yake tasowa. Ka canza ai-sin da ke bayansu sau goma, hucin yana nan daram. Sannan allon da aka zana wa 4558 ko TL072, masu gudun megahaz 3, ba lallai ya riƙe LM4562 mai megahaz 55 ba. Sai ya kama kaɗawa shi kaɗai can sama da inda kunne ke ji, ya yi zafi, murya ta yi kaushi. Wani yaro ya taɓa ce mini, "Masta, ka ji yadda sauti ya ƙara haske?" Na kama yatsarsa na ɗora a kan ai-sin, ya fizge hannu da sauri. Wane irin haske? Ƙonewa yake yi! In har sai ka sa mai gudu, ka manna kafasita nanofarad 100 daga ƙafa ta 8 zuwa layin ƙasa, wata daga ƙafa ta 4, ka yanke ƙafafunsu su zama gajeru sosai.

Ni al'adata, inda na ga 4558 sai in sa NE5532 in tsaya nan. Tsohon hannu ne, tun ƙarshen shekarun 1970 ake amfani da shi, ga araha. Inda na ga TL072 a jikin maɓallin murɗawa kuwa ba na taɓa shi, don 5532 yana jan ɗan ƙaramin wuta ta bakinsa, maɓallin sai ya fara ƙarar-ƙarar duk sanda aka murɗa. Akwai masu gyaran da ba su yarda da ni a nan ba, su ta shafa. Ku kuma lissafa cin wuta: TL072 kusan miliyam 3, NE5532 kusan 8. Canza goma a allo ɗaya, ka taɓa regileta 7815, mai daidaita wutar allon, ka ji zafin da ta ɗauka.

Jabu ma ya cika duniya, sau da yawa mai sayarwar kansa bai sani ba. Ainihin 5532 yana da dayod biyu a ciki tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, don haka mita za ta karanta wajen 0.7 ta kowane gefe. In ba ta karanta ba, an goge wani abu ne aka buga masa suna.

Sauran ƙanana ne. NE5534 ba NE5532 ba ne, duk da ƙafa takwas-takwas gare su. Ɗauki hoton allo da waya kafin ka cire komai. Kada ka danne ayan ɗin dalma a wuri ɗaya har layin tagulla ya ɗago. Kayan da 'yan uwa ke aikowa daga Amurka, duba bayansa tukuna, nasu bolt 120 ne, namu 230. Lokacin hunturu taɓa ƙarfe kafin ka taɓa ai-si. Soket mai araha iskar teku ta Ankara kan cinye shi ya yi kore, shi ya sa da na gama gwaji nake manne ai-sin kai tsaye. Kafasitan ɓangaren wuta kuwa mai digiri 105 nake saya, zafin garin nan ba ya barin mai 85 ya daɗe.

Abin da ya fi ƙona mini rai, babu mai aunawa. Ɗauki filogin XLR, ka manna rizista om 150 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, ka murɗa ƙarfi har ƙarshe, ka ɗauki sautin minti ɗaya kafin aiki da bayan aiki. Ba tare da wannan ba kunnenka zai gaya maka abin da aljihunka ke son ji. Cikin huɗun watan nan, akwai na wani ɗan Mamobi da ya canza ai-si shida don gurnani. Da na sa filogina gurnanin ya ɓace ɗif. Na kwance kebul ɗinsa, ashe wayar ƙafa ta 1 ce ta tsinke. Na manna ta cikin minti biyu, sai dai gyaran ɓarnar da ya yi wa allon ya ci mini yini guda, kuma har yanzu ledar ai-sinsa tana cikin durowata, bai zo karɓa ba.