Babi na 7: Sauya Man Giyar Mota Mai Otomatik Zuwa Sintetik

Darasi na 1: Haruffan da ke jikin geji

Wannan babi na masu tuƙa mota mai otomatik ne, wato wadda ba ta da kuloci, feda biyu kawai gare ta, totur da birki. Irin su Sienna da Camry da ake lodi da su daga Katsina zuwa Kano, Daura, Funtua ko Jibiya. Man giyar irin wannan mota daban yake da baƙin man inji. Sabo, ja ne. A jikin galan ɗinsa za ku ga haruffa uku: ATF, wato man giyar otomatik a taƙaice da Turanci. Ku rubuta su a littafinku yanzu, manya-manya. A, T, F.

Zafi shi ne babban mai kashe wannan mai. A zafi kusa da digiri 80 yake aikinsa cikin daɗi, to ga ranar Afrilu ta Katsina da kan wuce digiri 40, ga fasinja maƙil, ga buhuna a but. Man sintetik, wato wanda aka haɗa ta hanyar kimiyya, ya fi na gargajiya jure wannan wahala, bai saurin ƙonewa, kuma da asubar hunturu bai yin kauri. Shi ya sa a Amurka masu manyan motocin nan da ke da ɗaki da gado a ciki, masu giyar kamfanin Allison, da yawansu suka koma wani sintetik mai suna TranSynd. Amma kada wanda ya je kasuwa ya ce "a ba ni sintetik" kawai. Kowace giya da irin man da take sha.

Ku buɗe bonet. Geji, wato siririn ƙarfen auna mai, biyu za ku gani a yawancin motoci, ɗaya na inji, ɗaya na giya. Na giya shi ne wanda ke fitowa da jan mai ko mai ruwan ƙasa. Ku zaro shi, ku goge, ku duba jikin ƙarfen ko kan marfinsa. A Toyota za ku ga T-IV ko WS, ko a tsofaffi sosai kalmar Dexron. Honda nata Z1 ne ko DW-1. Ford yakan sha Mercon. Abin da kuka gani ku kwafe shi harafi-harafi a takarda, ku tafi da takardar shago, ku juya bayan galan ku nemi waɗannan haruffan. In babu su, a ajiye galan ɗin, ko da mai shago ya rantse. T-IV da WS ba ɗaya ba ne. Motar da aka ce giyarta CVT ce, wani nau'in otomatik na daban, kuma nata man daban ne gaba ɗaya, ATF lalata ta zai yi.

Wanda karatun boko bai zauna masa ba tukuna, kada ya ji kunya. Kama siffar harafin kawai, ka kwatanta da na galan. Za ka iya, Baba.

Darasi na 2: Auna mai

A nan kusan kowa ke faɗuwa, har da waɗanda suka tsufa a kan sitiyari. Saboda haka za mu daɗe a nan.

Baƙin man inji ana auna shi inji a kashe. Man giya kuwa inji a kunne ake auna shi. Ku sake karanta wannan layin da ƙarfi: inji a kunne. Dalili shi ne, in inji na aiki, famfon giya ya kwashi mai ya cika hanyoyinsa, abin da ya rage a kasko shi ne awon gaskiya. In kun kashe inji, mai ya gangaro ƙasa, geji zai nuna muku ya cika alhali da saura.

Ku fara tuƙa motar kamar minti 15 ta yi zafi, misali daga Ƙofar Ƙaura ku zaga ku dawo. Ku tsaya a fili mai daidai, ba gangare ba, ba taya ɗaya a rami ba. Ku ja birkin hannu. Ƙafa a kan birki, ku bi da sandar giya kan kowane harafi, P, R, N, D, kuna ɗan dakatawa a kowanne, sannan ku mai da ita P. Kada ku kashe inji. Ku fito ku zaro geji.

Zarowar farko ba a karanta ta. Mai ya fantsama ya ɓata ƙarfen tun kuna tafiya. A goge da farin tsumma mai tsabta, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Ta biyu ake karantawa. Za ku ga kalmomi biyu a jiki. COLD yana nufin sanyi, HOT yana nufin zafi. Tunda motarku ta yi zafi, mai ya tsaya tsakanin alamomi biyu na HOT. Harafin farkonsa H ne, sanduna biyu a tsaye da ɗaya a gicciye. Shi za ku nema.

Mu maimaita. Mota da zafi, fili daidai, giya a P, inji a kunne, a goge, a mayar, a zaro, a duba H. Ku rufe littafin ku faɗa da baki. Wanda ya manta ɗaya ya koma farko, babu laifi, haka ake koyo.

Honda ta fita daban: ita ana kashe inji ne bayan ta yi zafi, a auna ba da daɗewa ba. Wasu sababbin motoci kuma ba su da geji sam, waɗannan sai a kai wa bakaniken da ya san su.

Yanzu ku dubi tsumman, ku sansana. Ja ko ɗan ruwan ƙasa, lafiya. Baƙi mai ƙauri kamar tuwo ya kama a tukunya, giyar ta riga ta sha wuya. In kuma tana sulluɓewa, inji na kuka mota ba ta ja, sabon mai ba zai warkar da ita ba, sintetik ko ba sintetik ba. Bakanike za a nema kafin a ɓarnatar da kuɗin galan.

Darasi na 3: Juyewa da zubawa

A sa faranti mai zurfi a ƙarƙashin kaskon giya, a kwance notin juyewa da sifana. A kula, man da zafi, yana ƙona hannu. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Abin da zai fito lita 3 zuwa 4 ne a yawancin ƙananan motoci, sauran yana can cikin kwambata, wato abin da ke haɗa inji da giya, da bututun da ke zuwa lagireto, ba ya fitowa ta nan. A auna wanda ya fito da tsohon galan, a ɗaure noti, a zuba sabo daidai wannan adadin ta bututun geji, da mazurari mai tsabta. Rairayin Katsina ko ƙwaya kaɗan ya shiga, illa ne.

Sai me? Sai a auna. Ga shi kuma wasu za su rufe bonet su kama hanyar Mashi ba su auna ba. Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Wasu kuma su auna inji a kashe, su ga mai ya haura, su sake kwance noti su zubar da man da suka saya da tsada. Wasu su ƙara har ya wuce H wai don giya ta ƙoshi. Mai in ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta riƙe giya. Mota da zafi, inji a kunne, a goge, a mayar, a zaro. In ya gaza, a ƙara kwatan lita, a sake aunawa. Ba wuya a ciki, gaggawa ce kawai ke cutar da ku.

Tunda tsohon mai ya rage a ciki, juyewa ɗaya ba ta mai da giya sintetik. A yi 'yan kwanaki ana aiki da motar, a sake juyewa, har sau 3. Kowane karo a auna. Tsohuwar giyar da ta daɗe ba a taɓa manta ba, kada a yarda a wanke ta da injin matsa mai, wannan hanya ta sannu-sannu ta fi mata.

Darasi na 4: Filta

In an sauke kasko, a wanke maganaɗisun da ke ciki, a sa sabuwar filta da sabon gasket. Wannan aikin bakanike ne. Bayan ya gama, ku auna da kanku.

Darasi na 5: Rubuta rana

Ku rubuta kwanan wata da lambar kilomita da sunan man a littafinku. Tsohon mai a zuba a galan a kai gareji, kada a zubar a kwata. Darasi mai zuwa kowa ya zo da takardar haruffan gejinsa.