Babi na 6: Jifar tsira idan dodanni sun yi yawa

'Yan'uwa, sannunku da ƙoƙari. A babin baya mun koyi jifar tsira ta mutum ɗaya a wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar na 2014: a jefa ƙwaya mai fuska 20, a haɗa da ƙarin da ke kan takardar bayanin mai jifar, in jimla ta kai lambar wahala ko ta wuce, an tsira. To yau dodanni 20 ne boka ya watsa wa dunƙulen wuta. In jagora, wato mai tafiyar da wasan, ya ce sai ya jefa wa kowannensu, shayin fada zai huce, rabin 'yan wasa su koma kan salula. Don haka za mu koyi ƙiyasta yawan waɗanda suka tsira da lissafi, ba sai an jefa ba.

Darasi na 1: A duba tukuna

Ɓarnar dunƙulen wuta da ƙwaya 8 masu fuska 6 ake samo ta, irin ta ludo. Sau ɗaya ake jefawa don dukan dodannin. Mu ce an samu 28. Wanda bai tsira ba, ya sha 28, wanda ya tsira ya sha rabi, wato 14. Goblin, wani ƙaramin dodo, makin ransa (yawan ɓarnar da ke kashe shi) 7 ne, ko ya tsira 14 ta kashe shi, don haka kada ku yi lissafin komai. Orc kuwa, dodon da ya fi shi girma, makin ransa 15, in ya tsira saura masa 1. Nan ne lissafi ke da amfani.

Darasi na 2: Daga 21 ake cirewa

Ku buɗe kaye. Lambar wahala 15 ce, ƙarin orc 1 ne. 15 a cire 1, saura 14. Ke nan dole ƙwaya ta nuna 14 ko sama. Yanzu a cire 14 daga 21, saura 7. Cikin 20, guda 7 sun tsira, 13 sun faɗi.

A nan mafi yawa ke tuntuɓe. Hannu na son rubuta 20, tunda fuskar ƙwaya 20 ce. Ba laifi, kowa da haka ya fara. Ku jera tsakuwa 20 a tabarma kamar za ku yi dara. Ku ɗora yatsa kan ta 14, ku ƙirga da ƙarfi: 14, 15, 16, 17, 18, 19, 20. Nawa ke nan? Bakwai. Ita 14 ɗin ma tana ciki, domin wanda ya kai lambar daidai ya tsira. Mai cirewa daga 20 zai samu 6, ya kashe dodo ɗaya ba gaira ba dalili.

Mu sake. Ana buƙatar 11: 21 a cire 11, saura 10. Ana buƙatar 18: 21 a cire 18, saura 3. Ku rubuta 21 babba a saman shafi, ku zagaye ta da bik. Haba jama'a, har yanzu akwai masu kawo kaye da 20 a ciki! Wanda ya ƙi jera tsakuwa don yana ganin aikin yara ne, shi ne ke fara ɓata. Daga 21 ake cirewa.

Darasi na 3: In ba su kai 20 ba

Dodanni 12 ne. 12 sau 7, 84. A raba da 20, an samu 4 da ɗan saura, a bar sauran. Guda 4 sun tsira. Wannan 7 ɗin dai daga 21 ta fito.

Darasi na 4: Su wa suka tsira

Jagora ya zaɓi na gefe ko na kusa da katanga. Shugabansu kuma a jefa masa ƙwayarsa daban.

Aikin gida: dodanni 20, lambar wahala 13, ƙari 2. Nawa suka tsira?