Kurakuran da malamai ke yi wajen yin tambaya a darasin gwajin kimiyya

Na gaji da ganin sababbin malamai suna haɗa kayan gwaji tsaf, sannan su lalata darasin da bakinsu.

Babban laifin shi ne cusa amsa a cikin tambaya. Ni ma na aikata, har yau abin na ci mini rai. Wata rana na kunna kyandir a faranti mai ruwa, na kife shi da kofin gilashi. Wuta ta mutu, ruwa ya hau cikin kofin. Sai na ce, "Oksijin ce ta ƙone, ruwa ya maye gurbinta, ko ba haka ba?" Aji ya amsa baki ɗaya, "Haka ne, malam!" Wata yarinya daga baya ta ce ta ga kumfa na fita ta ƙasan kofin. Na ce ta zauna, lokaci ya ƙure. Ashe ita ce ta hango gaskiya. Zafin wuta ne ke kumbura iskar har wani ɓangarenta ya tsere, in ta huce sai ta tsuke, ruwa ya shigo. Shi ya sa ruwan ya fi hawa bayan wutar ta mutu. Na shekara da shekaru ina koyar da gurɓataccen bayani, don na hana yaro faɗin abin da idonsa ya gani. Yanzu da "Me kuka gani?" nake farawa, sai "Yaushe ruwan ya fara hawa?" Ba na furta "me ya sa" sai kowa ya rubuta abin da ya lura da shi.

Sai gaggawa. A farkon shekarun 1970, Mary Budd Rowe, masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa 1 kacal bayan tambaya. In jiran ya kai daƙiƙa 3, amsoshi kan yi tsawo, har yaran da ba sa magana su buɗe baki. Haba malam! Kai da ka kwana da tambayar, kana so yaro ya warware ta kafin ya haɗiye yawu? Ni nakan ƙirga 5 a zuci, in ɗalibi ya gama magana kuma in sake yin shiru, don sau da yawa dalilinsa a nan yake fitowa.

"Kun gane?" kuwa, ka daina ta, "eh" kawai za ka samu. Kada ka kira sunan ɗalibi kafin ka jefa tambaya, sauran za su daina tunani. Mai saurin ɗaga hannu ba shi kaɗai ne a aji ba.

In yaro ya ce dutse mai nauyi da aka rataya a zare zai fi saurin lilo, kada ka ce masa a'a. Miƙa masa zare biyu masu tsawo ɗaya da duwatsu biyu, ka ce, "To, ta yaya za mu gwada?"