Yadda za ka gama makarantar teknikal da yatsunka goma: batun ƙwaya da dokar wakshop

Ƙannena da kuka samu shiga kwalejin fasaha, ko ta gwamnatin jiha ce ko ta tarayya, akwai takardar dokoki da ake ba ku ranar rajista ku sa hannu, yawancinku ba ku karantawa, ana ninkewa ne a cusa a jaka. To ku ciro ta. Abu biyu ne suka fi cika ta, shaye-shaye da dokar wakshop, kuma a wurina duk abu ɗaya ne, domin inji ba ya jiran wanda kansa bai dawo daidai ba.

Mu fara da ƙwaya. Wiwi, tiramol, kodin, roche, sholisho, duk makarantar da ta san kanta in aka kama ka da su to an kira iyayenka ke nan, daga nan dakatarwa ko kora, in abin ya kai ga sayarwa kuma sai a miƙa ka ga NDLEA, hukumar da aka kafa tun 1989 don wannan aikin. Maganin tari mai kodin gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi tun Mayun 2018, saboda haka kar wani ya ce maka ai magani ne kawai. Kuma abin ya yi yawa wallahi, rahoton 2018 na binciken da aka yi da haɗin gwiwar UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka, ya nuna mutum kusan miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Kar ka karɓi ajiyar kowa a lokarka ko akwatinka, ko da babban abokinka ne, ranar da aka zo bincike a hostel wanda aka samu a kayansa shi ne mai kaya.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa tiramol na ƙara ƙarfin aiki. Ƙarfin me? Yana kashe maka jin ciwo ne, yana kawo jiri da gyangyaɗi, in ya yi yawa har jijjiga yake sa mutum kamar mai farfaɗiya, ka duba fa ace hakan ta kama ka kana tsaye gaban zarton lantarki ko kana saman tsani. Ko maganin mura na halak irin Piriton yana sa barci, in ka sha ka faɗa wa malam kafin a fara firaktikal, ba abin kunya ba ne, zai ba ka aikin benci a ranar. 'Yan sashen kafinta da fenti ku kuma ku kula da tina (ruwan tsinka fenti) da gam, a buɗe tagogi, a rufe gwangwani da an gama, warin nan shi kaɗai yana juya kai ko ba da niyya ka shaƙa ba.

Sai shiga. Ofarol daidai jikinka, hannun riga a naɗe ko a ɓalle maɓallinsa, takalmin sefti mai ƙarfe a baki, ban da silifas. Zobe, agogo, carbi a wuya, duk a cire. Ƙanwata, ki samu ƙaramin hijabi ki cusa bakinsa cikin ofarol, kar ki bar shi yana reto kusa da abin da ke juyawa. Safar hannu tana da kyau wajen walda da ɗaukar ƙarfe mai kaifi, amma a injin sassaƙar ƙarfe ko injin huda cire ta ake yi, in ya kama bakin safar to da hannun zai ja. Kuma a wannan injin kar ka taɓa barin makullin ɗaure ƙarfen a jiki, da ka kunna zai yi tsalle ya nufi fuskarka ko ta na kusa da kai.

Walda kuwa kar ka kalli hasken da ido tsirara ko na ɗan lokaci. A lokacin ba za ka ji komai ba, sai cikin dare ka farka ido ya yi ja yana ta hawaye kamar an zuba maka yashi. Baƙin gilashin kasuwa ba ya tare wannan hasken, garkuwar walda ta ainihi za ka sa. Tukunyar oksijin a tsaye a ɗaure, kuma man giris ko baƙin mai kar ya kusanci bakinta, yana iya kamawa da wuta.

'Yan lantarki, wutarmu ta gida volt 230 ce, ta isa ta kashe mutum. Ka kashe daga babban suwic, ka gwada da testa ko mita, sannan ka rataya takarda a kan suwic ɗin cewa ana aiki, saboda a nan ƙasar ana iya kawo wuta ko a tada janareta kana tsakiyar haɗa waya. In wuta ta kama wani kar ka taɓa shi da hannu, kashe suwic, in ya yi nisa ka ture shi da busasshen katako. Gobarar lantarki ko ta fetur ba a zuba mata ruwa, sai tukunyar kashe gobara mai hoda ko mai iskar CO2, ko bokitin yashi. Tun satin farko ka zagaya ka ga inda suke da inda akwatin taimakon gaggawa yake. Ƙuna kuma ruwan sanyi mai gudana ake sa mata na kamar minti 20, ban da man goge baki, ban da manja, ban da ɗanyen ƙwai.

In ka ga abokin aikinka ido ya kaɗa, magana na jan baki, kar ka yarda ku hau inji ɗaya, je ka faɗa wa malam a gefe ba sai a gaban mutane ba. In kuma kai ne ka riga ka fara kana son bari, ka samu malamin ba da shawara ko wani malamin da ka yarda da shi kafin a kama ka, yawanci wanda ya kawo kansa ana sassauta masa fiye da wanda aka kama. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano suna duba masu wannan matsalar, kuma wanda ya daɗe yana shan tiramol ko roche kar ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai, likita ne zai riƙa rage masa a hankali.